Goro, shayi da gahawa: shin sinadari ɗaya ne a cikinsu?

Tambaya: Wani magidanci, tela mai yawan ɗinkin dare, ya aiko cewa an gwada shi an ce jininsa ya soma hawa, barci kuma ya yi masa ƙaranci. Sai ya bar shan gahawar da yake haɗawa da garin Nescafé, ya koma goro da shayi mai kauri, don a ganinsa goro abin gado ne, shayi kuwa ganye ne kawai. Yana son sanin ko gaskiya ne abin da ke cikin gahawa shi ne a cikin goro, me ya sa tsiro ke yin wannan abu, wane irin itace ne gahawa, sannan ko maiɗakinsa mai juna biyu za ta iya ci gaba da shan shayinta.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma sauki iyali lafiya. Gaskiya ne, abu ɗaya ne. Sinadarin da ke hana ka gyangyaɗi in ka sha gahawa, shi ne a cikin goron da kake taunawa, shi ne a ganyen shayi, shi ne kuma ake zubawa a lemukan gwangwani na ƙara kuzari. Sunansa kafeyin. Da zarar ya shiga jini, jiki ba ya bambanta wanda ya fito daga kurmi da wanda ya fito daga masana'anta. Ke nan sauyin da ka yi bai rage maka komai ba, mai yiwuwa ma ƙari ka samu ba ka sani ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a saƙonka, shi ya sa na fara da shi.

Masana ma sai da suka ɗauki lokaci kafin su gane haka. A 1819 ne wani matashin masanin sinadarai a Jamus, Friedlieb Ferdinand Runge, ya fara ware shi daga ƙwayar gahawa. A 1827 wani Bafaranshe mai suna Oudry ya ware wani abu daga ganyen shayi, ya raɗa masa suna daban yana zaton sabo ne, sai a 1838 aka tabbatar cewa shi ne dai na gahawa. Daga baya aka same shi a goro, da 'ya'yan koko da ake yin cakulan da su, da guarana na kurmin Amazon, da ganyen mate da mutanen Ajantina da Faragwai ke sha. Tsirrai kusan 60 aka san suna yin sa.

Ga ƙiyasin yawansa in an busar. Ƙwayar gahawa nau'in arabika tana da kusan kashi 1.2 cikin 100, nau'in robusta kuwa ya kusa ninka haka, wajen kashi 2.2. Busasshen ganyen shayi ya fi su, yakan kai kashi 2 zuwa 4, sai dai ganyen da ke shiga kofi guda kaɗan ne, shi ya sa kofin shayi bai kai na gahawa ƙarfi ba. Goro yana wajen kashi 2, wani lokaci ya haura. In muka koma ga abin da ake sha, kofi mai cin mililita 240 na gahawar da aka dafa daga niƙaƙƙiyar ƙwaya yana da wajen miligiram 95, na gari mai narkewa wajen 60, baƙin shayi irin na jaka 40 zuwa 50. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 bai wuce 35 ba, na Red Bull mai mililita 250 kuwa 80 ne. Goro ya fi wuyar aunawa domin girmansa da ɗanyantakarsa sun bambanta, amma babban goro guda yana iya kai kofin gahawa ko ma ya wuce, tunda tauna shi ake yi har ruwansa ya ƙare. Haka shayin da ake dafawa a 'yar buta bisa gawayi irin na Buzaye, a cika ganye a bar shi yana ta tafasa: kofunan ƙanana ne, amma zubin farko yana da ƙarfi ƙwarai.

To me ya kai tsiro ga yin sa? Nan ne tambayarka ta fi yi mini daɗi. Tsiro ba shi da ƙafar gudu, ba shi da hannun korar ƙwaro, sai dai ya tsare kansa da ƙaya, ko kaushi, ko ɗaci, ko dafi. Kafeyin yana cikin dafin. Kuma ba araha yake samunsa ba, domin kowace ƙwayar sinadarin tana cin naitirojin har 4, abin nan da manomi ke biyan kuɗi mai yawa ya saya a buhun yuriya. Tsiron da ke zuba naitirojinsa a wani abu da ba ganye ba ne, ba saiwa ba, to lallai abin yana yi masa aiki. Duba ma inda yake tara shi: a toho, da sabon ganye mai laushi, da ƙwayar iri, wato wuraren da ƙwari suka fi so, kuma waɗanda asararsu ta fi yi masa ciwo. Masu tsinkar shayi toho da ganye biyu na saman reshe suke ɗauka, daidai inda tsiron ya fi zuba kariyarsa.

A 1984 James Nathanson na makarantar koyon likitanci ta Harvard ya gwada wannan. Ya gauraya garin shayi da na gahawa cikin abincin wata tsutsa mai cin ganyen taba, sai ta rage ci, ta kama karkarwa, girmanta ya tsaya, da aka ƙara yawa kuma ta mutu. A 2002 masu bincike a Hawai suka nuna cewa ruwa mai kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na kafeyin yana kashe katantanwa da danginta masu cin shuka. Akwai kuma aikinsa a cikin ƙasa. Ganye da 'ya'yan da suka zuba a gindin itacen suna ruɓewa su saki kafeyin, shi kuma ya hana wasu iri tsirowa a wurin, sai itacen ya rage abokan rabon ruwa da taki.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne abin da aka gano game da ƙudan zuma. Ruwan zaƙin da ke cikin furen gahawa da na lemo yana ɗauke da kafeyin, amma ɗan kaɗan ne, bai kai yadda ƙudan zai ji ɗaci ya guje shi ba. A 2013 Geraldine Wright da abokan aikinta a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka nuna cewa ƙudan zumar da ya sha wannan ɗan kafeyin ya ninka ɗan'uwansa sau 3 wajen tuna ƙanshin furen bayan awa 24. In ya tuna zai dawo, in ya dawo zai kwashi garin fure ya kai wa wani furen. Ka ga ikon Allah: sinadari guda, mai yawa a ganye ya kori mai ɓarna, ɗan kaɗan a fure ya jawo mai amfani. Riƙe wannan, don idan muka zo kan jikin mutum, maganar ita ce dai ta yawa.

Amma ba kowane ƙwaro ne yake jin wannan kariya ba. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai huda 'ya'yan gahawa, ya shiga cikin ƙwayar ya yi gida ya hayayyafa, ba ya cin komai sai ita. Shi ne babban abokin gabar manoman gahawa a duniya. A 2015 aka gano sirrinsa: wasu ƙwayoyin bakteriya ne a cikin hanjinsa suke farfasa masa kafeyin. Da aka kashe bakteriyar da magani, sai ya kasa farfasa shi.

Waɗannan tsirrai masu yin kafeyin kuma ba duka ne dangin juna ba, kada ka ɗauka gado ɗaya suka ci. Goro da koko dangi guda suke da kuka, da rimi, da kuɓewa, da rama, da auduga. Shayi yana nasa dangin can a Asiya. Gahawa kuwa 'yar'uwar gauɗe ce, da tafashiya, da giyayya da muke gani a fadama, da kuma itacen sinkona da aka samo maganin kwinin daga ɓawonsa. A 2014, da aka karanta ƙwayoyin gadon gahawar robusta, aka ga cewa waɗanda ke haɗa mata kafeyin ba tushensu ɗaya da na shayi da koko ba. Kowane dangi da hanyar da ya bi, suka haɗu a kan sinadari guda.

Yanzu ga itacen gahawa kansa. Ƙaramin itace ne da ba ya kaɗe ganye, asalinsa a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwan kurmi yake rayuwa. In an bar shi yana iya kai mita 8 ko fiye, amma a gona ana datse shi wajen mita 2 don hannu ya kai. Ganyensa kore ne shar, mai sheƙi, biyu-biyu suna fuskantar juna a jikin reshe. Yakan shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara 'ya'ya. Furensa fari ne tas, mai ƙanshi sosai, yana fitowa a dunƙule a inda ganye ya haɗu da reshe. Sai itacen ya sha ɗan rani tukuna, ruwa ya sauka, bayan kwana 10 ko kusa da haka gona ta yi fari gaba ɗaya, cikin 'yan kwanaki kuma furen ya zube. Daga nan 'ya'yan su ɗauki wata 6 zuwa 9 a arabika, 9 zuwa 11 a robusta, daga kore su koma ja. A reshe guda kana iya ganin nunanne da ɗanye tare, shi ya sa gahawa mai daraja da hannu ake tsinkar ta, ana komawa sau da yawa.

In ka fasa ɗa guda, za ka ga fata, sai ɗan nama mai zaƙi da yauƙi, sai wani ɓawo mai ɗan tauri, sai wata siririyar fata, sannan ƙwaya biyu da suka jingina da juna, shi ya sa kowace take da gefe guda a shafe mai tsaga a tsakiya. Wannan ƙwaya ita ce irin itacen. Ana shanya 'ya'yan gaba ɗaya a rana sannan a sussuke, kamar yadda aka saba a sassa da yawa na Habasha da Barazil, ko kuma a cire naman da ruwa kafin a shanya. Ɗanyar ƙwaya launinta kore ne mai duhu-duhu, ba ta da ƙanshin da ka sani. Suya ce a zafin da ya kai digiri 200 ko fiye take fito da launi da ƙanshi. Suyar ba ta ƙone kafeyin sosai, kuma yawancin ɗacin gahawa daga wasu sinadarai ne da suyar ke haifarwa. Don haka kada ka auna ƙarfinta da ɗacinta ko baƙinta.

Nau'in gahawa ya haura 120, galibinsu a Afirka da Madagaska, amma biyu ne suka riƙe kasuwar duniya. Arabika 'yar tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ce. Tana son tudu mai tsayin mita 1,000 zuwa 2,000, da sanyi na digiri 18 zuwa 22. Tana da kuromosom 44, wato zarurrukan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin halitta, domin ta samu ne daga haɗuwar robusta da wata gahawar daji mai suna Coffea eugenioides, kuma furenta na iya barbarar kansa. Robusta kuwa 'yar kurmin Afirka ta Tsakiya da ta Yamma ce, kuromosom 22 gare ta, sai ta samu garin fure daga wani itacen kafin ta haihu, tana jure zafi da cuta, tana kuma da kafeyin mai yawa. Ita ce galibi ake yin garin gahawa mai narkewa da ita, wato irin wanda kake sha a da. Barazil ce kan gaba wajen noman gahawa a duniya, sai Biyetnam wadda kusan duk abin da take nomawa robusta ne. A Najeriya, tsaunin Mambila a jihar Taraba yana da tsayi da sanyin da arabika ke so, ana noma ta a can tare da shayi.

Labarin da ake bayarwa cewa wani makiyayi ne ya gano gahawa, bayan awakinsa sun ci 'ya'yan sun kama tsalle, almara ce. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne a ƙarni na 15 Sufayen Yaman suna shan gahawa don su iya raya dare da zikiri, daga nan ta bazu Makka da Alƙahira da Istanbul. A 1511 wani hakimi a Makka mai suna Khair Beg ya hana shan ta, hanin bai daɗe ba. Mu nan goro ne ya riƙe mana wannan matsayi, har fatake suka riƙa tafiyar watanni zuwa Gwanja, su kai kasuwar Salaga a ƙasar Ghana ta yau, saboda shi.

Yadda arabika ta fita duniya ya bar mata rauni har yau. Daga 'yan itatuwan Yaman mutanen Holan suka kai ta tsibirin Java a ƙarshen ƙarni na 17, daga can aka kai itace lambun Amsterdam a 1706, daga zuriyarsa aka ba Sarkin Faransa Louis na 14 a 1714, aka ƙetara da ita tsibirin Martinik, ta isa Barazil a 1727. Tunda kuma tana barbarar kanta, gonakin nahiyoyi guda suka zama kusan jini ɗaya, cutar da ta kama guda ta kama duka. Haka ta faru a Silon, wato Siri Lanka ta yau: daga 1869 cutar tsatsar ganye ta cinye gonakin gahawa, manoma suka koma shayi. Shi ya sa nau'o'in daji suke da muhimmanci, a cikinsu ake neman juriyar cuta da zafi. Amma a 2019 masanan lambun Kew na Ingila suka bayyana cewa kashi 60 cikin 100 na nau'o'in gahawar daji 124 suna cikin haɗarin ƙarewa. Abin yana ba ni takaici, domin dukiyar Afirka ce ke tafiya tare da dazuzzukan da ake sarewa. A 2018 aka sake gano wata gahawar daji mai suna Coffea stenophylla a dajin Saliyo, mai ɗanɗano kusa da na arabika amma mai jure zafi fiye da ita. A Kamaru kuma akwai Coffea charrieriana, wadda aka bayyana a 2008, ba ta da kafeyin ko kaɗan.

Mu dawo kan jikinka. Tun da ka farka da safe, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, yana sauka a wasu gurabe na musamman, yawansa ne ke sa ka ji gajiya da barci. Kafeyin ya yi kama da shi a siffa, sai ya riga shi shiga gurbin, kamar makullin da ya shiga kwaɗo ya toshe ramin amma bai buɗe ba, ya kuma hana na ainihin shiga. Ke nan bai ƙara maka ƙarfi ba, saƙon gajiyar ne ya tare. Gajiyar tana nan tana jira, in ya sake ka sai ta sauko gaba ɗaya.

Cikin minti 30 zuwa 60 da sha yake kai ƙololuwa a jini. Hanta ce ke farfasa shi, kuma a babban mutum mai lafiya takan ɗauki kusan awa 5 kafin ta rage rabinsa. Mu yi lissafi da aikinka. In ka sa miligiram 200 a jiki da ƙarfe 6 na yamma, ƙarfe 11 na dare akwai sauran 100, ƙarfe 4 na asuba akwai sauran 50. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda. Ko ka samu barcin ma, nauyinsa yana raguwa, ka tashi a gajiye, ka nemi goro, dare ya yi ka kasa barci. Ina zaton cikin wannan kewayen kake. Rashin isasshen barci kuwa shi kansa yana taimaka wa hawan jini.

Saurin hanta ya bambanta tsakanin mutane, wani ɓangare gado ne, shi ya sa wani zai ci goro bayan isha'i ya yi minshari, wani kofin la'asar ya hana shi runtsawa. Hantar mai shan taba ta fi sauri, ƙwayoyin tazarar haihuwa kuma suna kusan ninka lokacin. Maganin ciprofloxacin, wanda ake yawan bayarwa, yana rage wa hanta saurin, sai mutum ya ji shayinsa na kullum ya sa shi rawar hannu da bugun zuciya.

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, a 2015, ta ce har miligiram 400 a yini ba ya da illa ga babba mai lafiya, muddin bai wuce 200 a zama guda ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma 400 ɗin ta ambata. Wannan fa jimilla ce daga ko'ina ya fito. In muka ƙaddara babban goro a kan 100, goro 2 sun ba da 200, shayi kofi 3 ya ba da 150, gwangwanin lemon kuzari guda 80, ka kai 430. In kai ya yi ciwo ka haɗiyi Panadol Extra guda 2, kowace ƙwaya tana da miligiram 65, ka haura 550, alhali a ranka ka daina shan gahawa.

Game da hawan jini, kafeyin yana ɗaga jini na 'yan awanni, musamman ga wanda bai saba ba, shi ya sa ake cewa kada a sha shi aƙalla minti 30 kafin awo. Ba a tabbatar cewa matsakaicin sha yana haddasa cutar ba. Amma wanda jininsa ya hau sosai lamarinsa daban ne. Wani dogon bincike a Japan da aka wallafa a 2022 ya samu cewa masu awon 160 bisa 100 ko fiye, in suna shan kofi 2 ko fiye na gahawa a yini, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya da jijiyoyin jini ya ninka a kansu. Ga kuma sukari da madarar gwangwani da muke cikawa a shayi, waɗanda sau da yawa sun fi kafeyin ɗin ɓarna.

Ba na so ka ɗauka gahawa guba ce. Manyan bincike masu bin mutane shekara da shekaru sun nuna cewa masu shan kofi 3 zuwa 4 a yini sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon sukari na manya, da taurarewar hanta, da ciwon dajin hanta, da cutar karkarwa ta Parkinson. Alaƙa ce aka gani, ba hujjar cewa magani ba ce, kuma a ciwon sukari har gahawar da aka cire wa kafeyin ta nuna haka, alamar cewa wasu sinadaran ƙwayar ne ke aikin. A 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire gahawa daga jerin abubuwan da ake zargi, amma ta ja kunne kan duk abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65, domin yana iya jawo dajin maƙoshi. Mu da muke kurɓar shayi yana ƙona leɓe, wannan namu ne: a bar shi ya ɗan huce. Gyambon ciki kuma ba kafeyin ke kawo shi ba, amma yana ƙara ruwan tsamin ciki, yana tayar da ƙwannafi. Shi wannan sinadari dai ake ba jariran bakwaini a asibiti, a ma'auni, don kada numfashinsu ya riƙa ɗaukewa.

Maiɗakinka kuwa tana iya shan shayi, amma da iyaka. Kada ta wuce miligiram 200 a yini, duka-duka, har da goro da lemon kola da cakulan. Dalili shi ne kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, wanda hantarsa ba ta iya farfasa shi tukuna, ita ma uwar a watannin ƙarshe jikinta kan ɗauki har awa 15 kafin ya rage rabi. Yawan shansa yana da alaƙa da haihuwar jariri mara nauyi da ɓarin ciki. Kofi 2 na shayi mara kauri ya wadatar. Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna ga matanmu: shayi yana ɗauke da wasu sinadarai masu ɗaure ƙarfen da ke cikin abinci, suna iya rage abin da jiki zai tsotsa da fiye da rabi in an sha tare da cin abinci. Mai ciki kuwa tana buƙatar ƙarfen nan don jini. Ta raba shayi da abinci da kamar awa guda ko biyu, kuma kada ta kora ƙwayoyin ƙarin jini na awon ciki da shayi, ta kora da ruwa. Yara ƙanana ma a nisanta su da lemukan kuzari da shayi mai kauri.

Kai kuma kada ka yanke lokaci guda. Jikin da ya saba, in aka katse masa, ciwon kai da kasala da saurin fushi sukan fara cikin awa 12 zuwa 24, su tsananta a rana ta biyu, su iya kai kwana 9. Shi ne ciwon kan da masu goro da shayi ke fama da shi a farkon azumi. Ka rubuta duk abin da kake ci da sha mai kafeyin na kwana 3, ka tara lissafin, sannan ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin mako 2 har ka sauko ƙasa da 200, tunda jininka ya soma hawa. Abin da ya rage ka mai da shi safe zuwa azahar, ka bar awa 8 tsakaninsa da kwanciya, ɗinkin da zai yiwu da rana kuma a yi shi da rana. Kada ka taɓa haɗa lemon kuzari da tramadol kamar yadda wasu masu aikin dare ke yi, domin tramadol kaɗai yana iya jawo jijjiga, balle an ɗora masa abin da ke zaburar da ƙwaƙwalwa. In ka ji zuciyarka tana bugawa ba bisa tsari ba, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, ka tafi asibiti a lokacin. Ranar da za ka koma awo kuma ka tafi da takardar lissafin nan, ka gaya wa likita yawan goron da kake ci, domin sau da yawa in an tambayi mutum abin da yake sha, ba ya tuna ambaton abin da yake taunawa.